MASU HOTO BABU SUNA: LABARIN MASASSAƘAN TASHAR NIYOK

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa za mu waiwaya can nesa, zuwa birnin Niyok na ƙasar Amurka, mu duba waɗansu tsofaffin hotuna da aka ɗauka wajen shekarar 1914. Hotunan na waɗansu masassaƙan dutse ne suna bakin aiki. Kada mai karatu ya ce ina ruwanmu da su. A biyo mu a hankali, za a ga inda zancen ya iso ƙofar gidanmu.

A ranar 2 ga Fabrairu, 1913 aka buɗe babbar tashar jirgin ƙasa da ake kira Grand Central a tsakiyar Niyok. Kamfanin reluwe na New York Central, wanda zuriyar attajirin nan Vanderbilt ke juyawa, shi ya gina ta. Da yake masu kuɗi ba su son abin da ba zai ja ido ba, sai aka shirya ɗora waɗansu manyan mutum-mutumi uku a kan goshin ginin, kewaye da wani agogo mai faɗin ƙafa 13. Siffofin an ɗauko su ne daga gumakan Rumawan dā: Makuri a tsakiya yana wakiltar ciniki, Hakulis a gefe guda yana wakiltar ƙarfi, Minaba a ɗaya gefen tana wakiltar basira. Mu dai an san matsayin addininmu game da sassaƙa siffar mai rai, kuma ba yabon gumaka ya kawo mu ba. Gumin mutanen da suka yi aikin shi ne abin dubawarmu.

Wanda aka ba aikin tsara siffofin wani Bafaranshe ne mai suna Jules-Félix Coutan. To ga abin mamaki. Wannan bawan Allah bai taka ƙasar Amurka ba don aikin. Yana zaune a Faris ya ƙera ƙaramin samfuri, kashi ɗaya cikin huɗu na girman da ake bukata, aka ɗoro shi a jirgin ruwa. Da samfurin ya iso, sai aka miƙa shi ga kamfanin wani ɗan kwangila, John Donnelly, aka kai aikin wani filin sassaƙa a unguwar Long Island City, tsallaken kogi daga tashar. Dutsen kuwa farin dutsen jihar Indiyana ne aka fasa aka kawo.

Yadda ake irin wannan aiki shi ne, a auna wuri a jikin samfuri, a riɓanya awon sau huɗu, a je a sa alama a jikin dutse, a sare har a kai zurfin da awo ya nuna. Haka za a yi ta yi, ɗigo bayan ɗigo, sau ɗaruruwa, kafin hanci ko yatsa ya fito. Dutse kuwa ba tufa ba ne, balle in an yanka ba daidai ba a ɗinke. In hannu ya zarce, shi ke nan. Gunduwa-gunduwa aka sassaƙa shi, aka kwaso, injin ɗaga kaya ya hau da su sama aka harhaɗa. Ba a gama ba sai 1914, wato shekara guda da wani abu bayan an buɗe tashar. Tsawon abin ƙafa 48 ne, nauyinsa kuwa ana ƙiyasta shi da tan 1,500.

To a nan ne hotunan suka shigo. In ka duba su za ka ga mutane da kayan aiki a jikinsu, suna tsaye a gefen gaɓoɓin dutse da suka ninka su girma, mutum ya koma kamar yaro a gindin kuka. Da ba don waɗannan hotuna ba, mai wucewa ta titi na 42 sai ya ɗauka Coutan ne ya zauna ya sare dutsen nan da hannunsa. Littattafai sun riƙe sunan Coutan, sun riƙe na Donnelly, sun riƙe na Whitney Warren, ɗaya daga cikin masu zanen ginin. Amma waɗanda suka sha ƙura daga safe har yamma, fuskokinsu kawai muke gani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani abin lura kuma, sana'ar sassaƙar dutse a Niyok ta wancan zamani baƙi ne suka riƙe ta da yawa, mutanen da suka baro garuruwansu don neman abinci, kamar dai yadda iyayenmu suka baro Arewa. Misali, iyalin Piccirilli, uba da 'ya'yansa maza shida, sun zo daga Italiya a 1888. Su suka sassaƙa zakuna biyun da ke ƙofar babban ɗakin karatu na Niyok, su kuma suka sassaƙa mutum-mutumin Shugaba Linkon da ke Washinton. Amma in ka tambayi yawancin masu ziyara, sunan mai tsarawa za su faɗa maka, in ma sun sani.

Kada kuma a ɗauka dutse ba ya ɓacewa. A wannan birni dai akwai wata babbar tasha, Pennsylvania, da aka buɗe a 1910. A 1963 aka fara rushe ta, aka kwashi waɗansu siffofin da aka sha wahalar sassaƙawa aka zubar a juji a fadamar Niyu Jazi. Wani mai ɗaukar hoto na jaridar New York Times ya je ya ɗauko su kwance cikin shara. Ɓacin ran da rushewar ta jawo ya taimaka aka kafa dokar kare tsofaffin gine-gine a 1965. Ita ma Grand Central saura ƙiris a ɗora mata dogon bene a ka, sai da aka kai har Kotun Ƙoli ta Amurka, wadda ta yanke hukuncin da ya tsare ta a 1978. Wato gini yana iya tafiya, hoto ya rage shi kaɗai ne shaida.

Yanzu mu dawo gida. A daidai waɗannan shekaru ne ake aikin diga a ƙasarmu. Daga 1907 zuwa 1911 aka shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro zuwa Kano, da leburorin da aka ɗebo ta hannun sarakuna da hakimai, suna haƙa da diga suna jidar ƙasa a ka. Tarihi ya riƙe sunan Gwamna Girouard. Su fa? Kuma zuwan jirgin ƙasa ne ya bunƙasa fataucin goro da shanu tsakanin Arewa da Kudu, har unguwanni irin namu suka cika suka batse. Sabon Ibadan ma a 1916 aka kafa ta. Ashe mu ma jikokin masu hoto babu suna ne.

Saboda haka ga roƙonmu. Kusan kowane gida a unguwar nan akwai tsohon hoto a ƙasan akwati ko a bayan madubi: na kara, na kasuwar goro, na ranar naɗin sarki, na ginin masallaci. Damina tana cin su, gara tana cin su, waɗanda suka san mutanen ciki kuma suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A fito da su tun dattawanmu suna da rai. A zauna da Baba ko Inna, a tambaya: wane ne wannan, ɗan wane gari ne, me yake yi, wace shekara ce? A rubuta amsar da fensir a bayan hoton, a sa yaro ya ɗauke shi da waya a ajiye a wuri biyu. Kada a rubuta sunan Sarki da Liman kawai a bar na ɗan dako da ke tsaye a gefe, don shi ma da guminsa aka kafa wurin nan.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu riƙe amanar da suka bar mana. Amin.