Wane layi zan kama? Tarihin dillanci daga tashar Kafanchan zuwa linkin WhatsApp

'Yan uwa ɗalibai, a yi haƙuri, rubutun yau zai ɗan yi tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

Makon jiya wani ƙanena, ɗan ƙanwar babarmu da ke aji biyu a jami'a, ya kira ni wajen sha ɗaya na dare. Gabana ya faɗi, na ɗauka wani abu ne ya faru a gida Kafanchan. Ashe tambaya ce: "Yaya, don Allah wane nish ne ya fi kawo kuɗi?" Yaron nan ya ƙi cin abinci sosai wata biyu, ya tara dubu ashirin-ashirin ɗin da yake samu na NELFUND, ya sayi kwas na afiliyet a dubu 40. A cikin kwas ɗin an ce masa ya zaɓi ɗaya cikin uku: shayin rage tumbi, kirifto, ko kuma kwas ɗin koyon samun kuɗi a intanet. Wato ya je ya sayar wa wasu abin da aka sayar masa.

Ni tarihi nake karantawa, kuma aikin mastas ɗina ya sa watannin nan ba ni da abokin hira sai tsofaffin takardu kan jirgin ƙasa da kasuwanci a kudancin Kaduna. Shi ya sa da ya yi tambayar, abin da ya fara zuwa raina shi ne: ai wannan tsohuwar tambaya ce, sunanta kawai aka canja.

Afiliyet dillanci ne, ba wani abu ba. Kaya ba naka ba ne, kai dai ka haɗa mai kaya da mai saye, a ba ka la'ada. Nish kuma shi ne abin da 'yan kasuwa ke kira layi: layin 'yan citta, layin 'yan hatsi, layin 'yan shanu. Ko Amazon da ta yaɗa tsarin a 1996, da littattafai ta fara: mai shafin girke-girke ya nuna wa masu karanta shi littafin girkin da ya yarda da shi, in sun saya ya sami nasa. Mutum na tallata abin da ya sani ga mutanen da suka san shi. Daga baya ne aka juya abin ya koma farautar kamasho mafi tsoka.

To bari mu koma Kafanchan.

Kafin jirgi, wurin nan ƙauyuka ne na mutanen Fantswam, ba wata cibiyar ciniki ba. A 1927 ne layin dogo da ya taso daga Fatakwal, ya bi ta Inugu da Makurɗi, ya haɗu da na Kaduna, kuma daga Kafanchan reshe ya tafi Jos. Turawa ba don mutanen wurin suka yi ba. Suna son gawayin Inugu ya hau tudu, kuzar Jos ta sauka teku. Kafin a gama gadar Makurɗi a 1932, a jirgin fito ake tsallakar da taragu kogin Binuwai. Amma da zarar hanya uku ta haɗu wuri ɗaya, gari ya tashi. Ma'aikatan reluwe suka zo daga kudu, 'yan kasuwa daga Kano da Zariya, masu abinci, teloli, 'yan dako. Har fadar Sarkin Jama'a ta dawo Kafanchan a 1933.

Kowane baƙo da ya sauka a tashar nan da ɗan jarinsa ya yi wa kansa tambayar ƙanena: wane layi zan kama?

Kafin in faɗi amsar da yankinmu ya bayar, sai na ɗan kai ku Kano, don can aka fara yin babban kuskuren zaɓen layi a arewa, kuma ba mu muka yi shi ba, Turawa ne. Lokacin da dogo ya isa Kano a 1911, lissafinsu gaba ɗaya auduga ce. Masaƙun Lankashaya a Ingila na neman auduga, ƙasar Hausa kuma ta daɗe tana nomanta, har suka kafa injin gurza a Zariya. A takarda lissafin ba shi da aibu. Abin da ba su auna ba shi ne, audugar tana da masu ita. Masaƙa da marinan Kano suna biyan manomi fiye da abin da Bature zai iya biya ya kuma ci riba bayan kuɗin jirgi. Sai fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka san ƙauyuka gida-gida, suka ga kamfanoni na biyan gyaɗa da daraja saboda masana'antun mai da sabulu a Turai. Suka bi ƙauye da gishiri da tufafi da kuɗin kafin alƙalami, suna cewa a shuka gyaɗa. Manomi ma ya yi nasa lissafin: in farashin gyaɗa ya faɗi zai ci abarsa, matarsa ta yi mai da ƙuli-ƙuli, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa.

Alhassan Ɗantata, wanda kamfanin Neja ya ɗauka wakilin sayen gyaɗa a 1918, a wannan ma'anar babban ɗan afiliyet ne. Amma ku lura, bai zo da hannu biyu ba. Ya riga ya yi shekaru a fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar Asante, yana da yara a kasuwanni, kuma maganarsa kuɗi ce. Kamfanin na da jari da jirgi, shi kuma yana da mutane.

Kudancin Kaduna gyaɗa ba ta zama tata ba. Ruwanmu ya fi yawa, ƙasarmu daban. Abin da ya karɓe mu ita ce citta. Rubuce-rubucen aikin gona sukan sa farkon nomanta don fitarwa waje a wajen 1927, shekarar da jirgi ya iso, a yankin Kwoi, Kubacha, Kagarko da Kafanchan. Gwamnatin mulkin mallaka na neman abin da talaka zai sayar ya biya haraji, ga kuma tasha a kusa. Mutanen Ham, waɗanda Hausawa ke kira Jaba, su suka fi shahara da ita, daga nan ta bazu zuwa Kachia da sauran wurare, har ta zama ita ke biyan kuɗin makarantar da yawa daga cikinmu. Duk wanda ya tashi a yankin nan ya san ƙamshin da ke tashi daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da aka haƙe, aka wanke, mata da yara suka zauna da wuƙa suna tsagawa, aka baza a kan duwatsu.

A nan nake so mu tsaya, don a nan darasin yake. Me dillalin citta ke sayarwa? Cittar ba tasa ba ce. Kuɗin ba nasa ba ne, na wani Alhaji ne a Dawanau ko wani kamfani a Legas da zai loda kwantena zuwa Indiya ko Dubai ko Turai. Abin da yake sayarwa idonsa ne da hancinsa. Yana kallo zai ce maka wannan Tafin Giwa ce, mai kauri, mai launin ɗorawa, waccan kuma Yatsun Biri ce, siririya, mai duhu, mai zafi. Zai ɗauki tsagi ɗaya ya karya. In ta yi ƙas, ta bushe. In ta lanƙwashe, akwai sauran ruwa, kuma kafin ta kai Legas fumfuna ta cinye buhun. Zai zura hannu har gindin buhu, don ya san inda ake ɓoye yashi da gari. Ya san ƙauyen da ke shanya a kan dutse ko tampol, da wanda ke zubarwa a ƙasa. Ya san manomin da matsin kuɗin makaranta zai sa ya sayar a Disamba da wanda zai iya riƙewa har damina. Wannan ilimin ba a kwas ɗin mako biyu ake samunsa ba. Yaro ne ke bin ubangidansa kasuwar Kwoi shekara da shekaru yana ɗaukar masa buhu.

Kuma ba za ka taɓa ganin dillalin citta ya wayi gari ya koma kara don an ce la'adar sa ɗaya ta fi ta buhu goma ba. Ya san in ya je, saniya mai ciwo za a haɗa shi da ita, ya haɗa wani da ita, sunansa ya mutu a kasuwa biyu lokaci guda.

Akwai wani ɓangare na tsohon dillanci da kwasa-kwasan nan ba sa ambata ko kaɗan: lamuni. Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960 ya yi nazarin cinikin shanu da goro, ya nuna yadda abin yake. Bahaushe ya kawo shanu daga arewa, ya sauka gidan fatoma. Dillalan maigidan su sayar wa mahauci bashi. In mahauci ya gudu, maigida ne zai biya daga aljihunsa. La'adarsa ladar ɗaukar wannan nauyin ce. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Yanzu kai da ka tura wa 'yar ajinku linkin shayin rage tumbi, in ya lalata mata ciki, kamfanin ba ta san shi ba. Kai ta sani, kuma gobe ƙarfe takwas lakca ɗaya za ku shiga. Waɗanda suka yi zamanin MMM sun san wannan. Da aka rufe asusu a Disamban 2016, ba Rasha aka tafi neman kuɗi ba. Ɗakin wanda ya kawo ka ya ci kashi 10 cikin 100 aka nufa. Akwai abokan da har yau ba sa gaisawa.

Kada kuma wani ya ce ina cewa in ka kama layin da ka sani shi ke nan ka tsira. Tarihi bai ce haka ba. Dalar gyaɗar Kano ta tafi: fari ya daki arewa a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa, kuɗin fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati. Tashar Kafanchan da ta haifi garin, ku je ku gani yau, ciyawa ce a kan dogo, sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ma bai biyo ta nan ba. Ita kanta citta, daminar 2023 ba mai mantawa. Ganye ya fara yin rawaya, aka tona aka tarar saiwa ta ruɓe a ƙasa, daga Kachia zuwa Kagarko zuwa Jaba zuwa Jama'a. Mutanen da suka ci bashi suka zuba a gona sun tashi ba komai. Farashin buhu ya ninka ya sake ninkawa, iri ya yi wuya, wasu suka koma kurkum. Na san ɗaliban da suka jinkirta rajista a shekarar saboda wannan.

Amma abin da na lura da shi a kasuwa bayan nan shi ne, dillalan da aka yarda da su ba su zauna ba. Da kaya ya yi tsada, algus ya ƙaru, sai mai kuɗi ya ƙara buƙatar wanda zai ce masa wannan buhun na ƙwarai ne. Wasu suka bi manomansu zuwa kurkum, masu sayensu na Kano suka bi su. Waɗanda suka ɓace su ne 'yan kaka, masu shigowa don sun ji ana samu.

Duk wannan na zayyana wa ƙanena a waya, har ya fara hamma. Sai na ce ya buɗe lambobin wayarsa. Mutum nawa ne a ciki za su sayi kirifto don kai ka ce? Ya yi shiru. Na ce to mutum nawa ne 'yan Kano da Sakkwato da Katsina a ajinku da hostal ɗinku waɗanda iyayensu mata ke yin zoɓo da kunu da yaji na sayarwa, ko babansu ke da teburin shayi? Ya fara ƙirgawa, ya wuce goma sha biyar. Yaron nan fa tun yana firamare yake tsaga citta a tsakar gidansu, tabon wuƙa na nan a babban yatsansa. Ya fi duk wanda ya koya masa kwas ɗin sanin bambancin busasshiya da mai ruwa. Babarsa da maƙwabtanta na da kaya, mota na tashi daga Kafanchan kullum, la'ada a kan kowane mudu ba sai an yi masa lissafi da dala ba.

Amsar da ya ba ni ita ce: "Haba Yaya, citta kuma? Ajina zai zube."

Dubu 40 ɗin dai ta tafi, ba ta dawowa. Shekaranjiya na ga ya sa hoton Tafin Giwa a faranti a sitatus, da farashin mudu a ƙasa. Na kira shi in yi masa barka, ya ce mutum biyu sun yi magana, ɗaya har ta turo rabin kuɗi. Ya kuma ce kafin ya ɗora sai da ya bi ya ɓoye wa duk 'yan matan ajinsu, ban da ita wadda babarta ke zoɓo.