Daga Allon Itace Zuwa Allon Gilashi

Mai karatu, ka san allo. Tun zamanin kakanni, almajiri a Agye ko Gazawa yana rubutu da alƙalamin kara da tawada. In ya haddace, sai ya wanke allon, ya sake wani rubutu.

Da Nasara suka zo, sai ga lakwal da alli da takarda. A 1966 aka yi taro a Bamako, aka daidaita baƙaƙen Hausa na boko. Irinsu kake karantawa yanzu.

A 2001 salula ta shigo Nijar. Sannu a hankali ɗan kasuwa a Gidan Rumji ya fara jin kuɗin gero na Maraɗi daga zaune. A 2010 kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPad, kwamfuta mai kama da allo. Da yatsa ake rubutu a kanta, a yi lissafi, a ajiye sunan mai bashi.

Amma lura. Wanda bai iya karatu ba, sai ya miƙa wa wani ya duba masa, har asirinsa da kuɗinsa. Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka bar aji.