Gadarif: Yadda kasuwa ta raɗa wa birni suna

Gadarif babban birnin jihar Gadarif ne a gabashin Sudan, kimanin kilomita 400 daga Khartoum. Nan ne manoman yankin, har da na Basunda da ke kusa da iyakar Habasha, suke kai riɗi da dawa da ƙaro. Da Larabci ana rubuta sunan القضارف, a Faransanci da Ingilishi kuma Gedaref.

Tsohon suna

A ƙarni na 19 an fi sanin wurin da Suk Abu Sin, wato Kasuwar Abu Sin. Abu Sin sunan gidan sarautar Larabawan Shukriyya ne, makiyayan filin Butana. Fitaccen cikinsu shi ne Shaihu Ahmad Abu Sin, wanda ya yi gwamnan Khartoum a zamanin mulkin Turkawa da Misirawa, ya rasu a 1870. Baturen Ingila mai yawon bincike, Samuel Baker, ya gana da shi a 1861, kuma a littafinsa ya rubuta sunan garin Katariff. Ke nan sunayen biyu sun yi zamani tare kafin na yanzu ya rinjaya.

Ma'anar Gadarif

Bayani biyu ne suka fi yawo. Na farko ya ce idan rana ta kusa faɗuwa, mai shela yakan zaga kasuwa yana cewa "alli gada yarif", ma'ana wanda ya gama ciniki ya kama hanya. Yau da gobe sai kiran ya zame wa wurin suna.

Na biyu ya danganta sunan da duwatsun da ke kewaye da garin, waɗanda aka ce sun yi kama da guringuntsi, "ghadarif" da Larabci. Masu sukar wannan bayani suna cewa guringuntsi da harafin غ yake farawa, sunan birnin kuwa da ق. Sai dai a bakin 'yan Sudan haruffan biyu sukan shiga juna, shi ya sa gardamar ba ta mutu ba. Bayanin farko dai ya fi dacewa da tarihin garin, tunda kasuwa ce mafarinsa.

Daga kasuwa zuwa birni

A 1898 sojojin Ingila da Masar suka ƙwace garin daga hannun Ansar, mabiya Mahadi. Layin dogo ya iso a ƙarshen shekarun 1920, sannan a tsakiyar shekarun 1940 aka fara noma da injuna a baƙar ƙasar yankin. Wannan ya jawo 'yan ƙwadago da 'yan kasuwa daga ko'ina.

Cikin waɗanda suka zauna akwai Hausawa da Fulani da Barebari. Wasu mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu kuma jikokin masu hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903. Su ma sun bar sunansu a taswirar Sudan: garin Mai Wurno da ke jihar Sinnar ya ci sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya.

Har yau kasuwar amfanin gona ta Gadarif tana cikin manyan kasuwannin riɗi na Sudan, kuma farashinta ne manoman jihar suke bibiya bayan kaka.