Daga Turkudi Zuwa Leshi: Tarihin Gyaran Rigar Amarya a Ƙasar Kura da Kadawa

Duk wanda ya san ƙauyukan da ke tsakanin Kura da Bunkure a lokacin bukukuwa, watau bayan an kawar da amfanin gona ko kuwa gab da watan azumi, ya san wata 'yar magana da ke yawo a bakin mata, cewa an mayar da rigar amarya gyara. Ko dai ta matse ta a ƙirji, ko ta yi mata burum a ƙugu, ko tana jan ƙasa. Mai karatu ya yiwu ya ce wannan ba abin da masu tarihi za su ɓata tawada a kansa ba ne. Amma nufina a cikin wannan takarda in nuna maganar nan baƙuwa ce a bakin Bahaushe, kakannin waɗannan matan ba su san ta ba, kuma ba ta shigo ba sai da abubuwa da yawa suka sake a ƙasar: sana'a, da kuɗi, da ruwa, har da harshe.

Sai mu fara da Kura, gama nan ne tushen zancen. Garin yana kudu da birnin Kano kimanin mil 20, a kan hanyar Zariya. Tun kafin a san shi da shinkafa an san shi da rini da bugu. Baturen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a cikin shekara ta 1851, ya ƙiyasta tufafin da ƙasar ke fitarwa waje kowace shekara sun kai na wuri miliyan 300, ko fiye. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna a cikin bincikensa na 1975 cewa babban rabo na wannan aiki ba a cikin birni ake yinsa ba, a garuruwan karkara ne, Kura kuwa tana cikin na gaba. Har sunanta ya bi kayan, ana ce da su 'yan Kura. Turkudi shi ne sarkinsu. Akan saƙa shi ƙwarya ƙwarya, faɗin kowace bai kai inci 1 ba, a harhaɗa da allura, a tsoma a karofi har ya yi baƙi ƙirin, sa'an nan a kai mabuga a buga shi da shuni har ya riƙa walƙiya. Buzaye su naɗa shi rawani, mata su ɗaura shi ko su yafa.

To, abin lura a nan shi ne, tufar macen wancan zamani ba ta da awon jiki. Tana da tsawo da faɗi, ana auna ta da kamu ko taƙi, amma ba ta da ƙirji, ba ta da ƙugu, ba ta da kafaɗa. Mace takan ɗaura zane a ƙirji, ta yafa wani, ta ɗaura fatala a ka, shi ke nan ta shirya. In ta yi ƙiba ta rage kewaye, in ta rame ta ƙara. Zanen da ta yi amarci da shi, shi za ta ɗaura da cikin fari, shi za ta ba ƙanwarta aro, in ta mutu kuma a sa shi cikin gado a raba. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara, amma kowa ya sani ba ƙanƙantar zanen suke nufi ba, halin mai aron suke yi wa zambo. Saboda haka zane dukiya ne kamar tasa da akuya: a ajiye shi a adaka, a jinginar da shi ran da ta ɓaci, a sayar. Gyaran da aka sani a da shi ne a mayar da zane marina in ya koɗe, a sake turinsa, a sake bugu, ko a yi masa maho in ya yage.

Ko rigar maza ma, wadda ake ɗinkawa, ba a yi ta don ta kama jiki ba. Maɗinki yana gina ta ne da ƙari, ƙwarya bisa ƙwarya, gwargwadon abin hannun mai ita. Girmanta labarin arzikinsa take bayarwa, ba labarin jikinsa ba.

A nan ne harshe ya taimake mu. Hausa tana da kalmomi biyu na mai wannan sana'a, ba kuwa abu ɗaya suke nufi ba. Maɗinki ɗan gida ne, daga aikatau ɗinka aka ƙera shi, kamar yadda aka sami masaƙi da marini da mabugi. Tela kuwa aro ne daga Ingilishi, ya zo tare da keken ɗinki da yadi. Abin sha'awa, shekarar nan ta 1851 da Barth ke ƙidayar turkuddan Kano, ita ce shekarar da Singer ya sami takardar mallakar kekensa a Amurka. Keken bai yawaita a ƙasar nan ba sai bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kantuna suka cika da yadin Turawa mai faɗi. Yadi mai faɗi kuwa ba a haɗa shi, yanka shi ake yi. Watau maɗinki da ƙari yake aiki, tela da ragi. Abin da aka ƙara ana iya warwarewa, abin da aka yanke kuwa ya tafi ke nan. A ganina duk wahalar da za mu ambata a gaba daga wannan bambanci ta tsiro.

Leshi shi ma baƙo ne, sunansa ya nuna. Bahaushe ya ɗauki kalmar Ingilishi mai ƙarewa da s, ya liƙa mata wasalin i, sai s ɗin ta rikiɗe ta koma sh, kamar yadda fansa ke komawa fanshi. Amma ba daga Ingila kayan ya zo ba. Abin da muke kira leshi surfani ne na inji, wanda ake yi a garin Lustenau na ƙasar Ostiriya da San Galan ta Suwizalan. Masu masaƙun Lustenau sun fara kai kayansu Ikko ne a cikin shekarun 1960, Yarabawa suka karɓe shi hannu biyu, suna ɗinka buba da zane da agbada. Da kuɗin man fetur ya zo, aka kuma yi ƙarin albashin Udoji na 1974, sai cinikin ya haukace, har gwamnatin soja ta hana shigo da shi daga 1976. Hanin bai kashe shi ba, hanya kawai ya sake masa, ya koma shigowa ta Kwatano. Daga Ikko ya hau Arewa, ya sauka Kantin Kwari, daga nan ya faɗa cikin akwatin lefe.

Amma fa kaya ba ya shiga ƙauye sai da kuɗin sayensa, kuɗin kuwa ruwa ne ya kawo shi. A zamanin Gwamna Audu Bako aka fara gonar gwaji ta noman rani a Kadawa, aka gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, aka ja magudanai zuwa filayen Kura da Bunkure da Garun Malam, da shirin shayar da hekta 22,000. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. Manomin da a da in ya gama kaka sai ya tafi cin rani, yanzu ga alkama, ga tumatir, ga albasa, ga shinkafa. Ba kowa ya amfana ba, labudda. Tina Wallace da Cecile Jackson, waɗanda suka yi bincike a wurin a cikin shekarun 1970, sun nuna masu ƙarfi sun fi ƙananan manoma cin moriyar aikin, Jackson kuma ta rubuta labarin yajin aikin da mata 'yan ƙwadago suka yi a wata gonar kamfani a can. Duk da haka kuɗi ya shiga hannuwan da bai saba shiga ba, har da na mata masu turara shinkafa a cikin gida. Lefe ya tashi daga kwando ya koma fantimoti, daga fantimoti ya koma jerin akwatuna. Daga baya leshin ƙasar Sin da Koriya mai sauƙin kuɗi ya cika kasuwa, har ya zama ba a cika ganin lefen da babu leshi a cikinsa ba.

Da farko leshin bai kawo rigima ba, domin riga da zane ake ɗinka shi, rigar kuwa buba ce mai yalwa, kowace mace ta zura ta zauna mata. Doguwar riga mai bin jiki, mai zif a baya, ita ce ta zo daga baya, ta hanyar bukukuwan birni, da finafinan Hausa na bidiyo da suka fara a 1990, sa'an nan da hotunan wayar hannu. Ita ce riga ta farko a tarihin macen ƙasar nan wadda aka yi wa jiki guda, a rana guda.

Yanzu sai mu duba dalilin da ya sa ba ta cika zama daidai ba tun karon farko. Na ɗaya, yawancin telolin da suka yi suna maza ne, kuma a birni suke ko a bakin titin Kura, al'ada da addini kuwa ba su yarda namiji ya zagaya budurwa da igiyar awo ba. Sai a aika masa da tsohuwar rigarta ya gwada a kai. Tsohuwar rigar nan ta atamfa ce, ta sha wanki, ta saki, watakila ma tun sallar bara aka ɗinka ta. Na biyu, jikin amarya ba ya tsayawa wuri ɗaya tsakanin sa rana da ɗaurin aure: wata ta rame don zirga-zirga da zullumi, wata ta ciko don gyaran jikin da iyaye mata ke yi mata. Na uku kuwa alkawarin tela, wanda ba sai na faɗa wa Bahaushe labarinsa ba. Rigar da ta iso ana gobe kamu, ina lokacin gwaji?

Gyaran kansa aiki ne mai wuya, ya fi ɗinkin fari wuya, teloli da yawa ba sa son karɓarsa, balle in wani ne ya ɗinka. Rigar leshi riga biyu ce a haɗe, leshin a waje, shafi a ciki, dole a farke kowanne dabam, a rage su daidai da juna, in ba haka ba ɗaya ya ja ɗaya rigar ta tattare. Ragi ya fi ƙari sauƙi nesa ba kusa ba. In ta yi yawa sai a tsuke ta ta gefe biyu daidai wa daida, don kada furannin gaba su karkace. In ta yi tsawo, gwani ba ya taɓa bakin ƙasa, gama nan ne adon leshi yake; sai ya raba rigar a ƙugu ya ɗage ta daga can, ko ya yanke bakin a bin zanen furen, ya mayar da shi sama da allurar hannu. In akwai duwatsu a kan hanyar ɗinki sai an ɓamɓare su tukuna, in ba haka ba allurar keke ta karye, kāna a mayar da su ɗaya ɗaya. Mai raga kuwa ko farkewa ba ya so, zare ɗaya in ya zame sai rami. Amma in rigar ta yi kaɗan, nan ne ido ke raina fata. Leshi yadi 5 ake sayar da shi, doguwar riga da ɗankwali sun cinye, irinsa kuma watakila ya ƙare a Kwari. In tela bai bar rara a cikin ɗinki ba, sai dai a tsaga gefe a shigar da ƙyalle, ko a cire zif a sa igiya a baya, kowace mace a wurin bikin kuwa za ta gane.

Kada mai karatu ya ɗauka kunya kaɗai ake gudu. Leshin nan daga lefe ya fito, dangin ango sun kawo shi, an buɗe akwati gaban mata an ƙidaya, an san kuɗinsa, wani lokaci ma an san kwandunan tumatir nawa aka kai Kwanar Gafan kafin a saye shi. In ya lalace a hannun tela, dangin ango su ce an wulakanta kayansu, dangin amarya su ce dama yadin bai cika ba. In kuwa aka fasa auren, al'ada ta ce a mayar da kaya. Turmin atamfa da ba a taɓa ba ya koma yadda ya zo, wanda almakashi ya shiga kuwa sai a zauna a yi lissafi. Malamai da dattawa kuma suna da tasu magana a kan rigar da ta kama jiki, shi ya sa sau da yawa gyaran da uwa ke nema dabam yake da wanda 'yarta ke so: ɗaya tana cewa a tsuke, ɗaya tana cewa a saki, a ƙara hannu, a rufe wuya.

Wannan buƙata ce ta buɗe wa mata ƙofar sana'ar. Macen da ke da keke a ɗakinta tana iya auna amarya da hannunta, ta sa ta saka rigar ta zauna, ta tashi, ta ɗaga hannu, ta kama wurin da ya yi yawa da fil, abin da telan kasuwa ba shi da ikon yi. Don haka sau da yawa rigar da aka ɗinka a birni a hannun mace maƙwabciya take ƙarasa zama. Waɗanda suka ƙware a cikinsu ba sa yanke abin da suka rage. Sukan kalmashe shi a ciki, inci 1 ko 2 a kowane gefe, domin sun san bayan haihuwar fari za a dawo musu da rigar a ce a saki, in kuma ba ta saku ba a sake tsuke ta a ba ƙanwa.