3.2 Nisan Hanyar Hajji Daga Dutsin-Ma da Kurfi Zuwa Jidda

A wannan sashe za a duba yadda zuwan jirgin sama ya sauya tafiyar aikin Hajji ga mutanen ƙasar 'Yanɗaka da ta Maraɗi, wato Dutsin-Ma da Kurfi. Idan aka miƙe ta sama, tsakanin birnin Katsina da Jidda kimanin kilomita 3,500 ne, wanda jirgi kan ci cikin awa biyar ko ƙasa da haka.

A da kuwa, ba da kilomita ake auna wannan nisa ba, da shekaru ake auna shi. Maniyyaci kan sayar da gonarsa ko dabbobinsa, ya yi sallama da dangi irin ta wanda ba ya sa ran dawowa. Daga nan sai ya bi ayari ta Kano da Barno, ya ratsa Wadai da Darfur, har ya kai gaɓar Bahar Maliya a Sawakin. Duk inda guzuri ya ƙare sai a yada zango a yi ƙwadago, wani lokaci damina biyu ko uku. Bayan da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a Sudan cikin 1925, da yawa sun tsaya can neman kuɗin jirgin ruwa, suka yi aure, suka hayayyafa. Wasu ba su kai Makka ba, ba su kuma komo gida ba. Zuriyarsu na cikin waɗanda ake kira Takari.

Abin sha'awa shi ne, a wannan shekara ta 1925 ne jirgin sama ya fara sauka a Kano. Sai dai an daɗe kafin talaka ya amfana da shi. Ko Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, da ya sauke farali a 1921, jirgin ruwa ya shiga. Sai daga shekarun 1950 ne jigilar alhazai ta sama daga Kano ta fara kankama, sannan a 1975 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa. Bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, da samun filin jirginta, mutumin Dutsin-Ma kan bi hanyar da ta ratsa Kurfi ya isa Katsina cikin kamar awa guda.

A ganin mai wannan bincike, babbar ribar jirgi ita ce dawowa. Tsofaffi da mata da ma'aikata, waɗanda ba su iya barin gida na shekaru, sun sami damar zuwa su komo cikin 'yan makonni. Amma zumuncin da ke tsakanin mutanenmu da 'yan'uwansu na Sudan ya yi rauni, tun da yanzu ta samansu ake wucewa.

Duk da haka Sudan ba ta fita daga lissafin ba. Da yaƙi ya ɓarke can a watan Afrilu na 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazan Nijeriya suka yi zagaye, lokacin tafiya da kuɗin jigila suka ƙaru a Hajjin wannan shekara.