Yadda aka koyi auna telomeras

A bakin kowane kuromosom akwai wani yanki na DNA da ake kira telomiya, aikinsa irin na kalmasar bakin zane ne, wato hana zare warwarewa. Duk sanda ƙwayar halitta ta rabu biyu sai yankin ya ɗan gajarce, har ranar da ƙwayar za ta daina rabuwa. Yawancin ƙwayoyin ciwon daji sun kuɓuce wa wannan ƙa'ida, domin suna tayar da wani enzayim mai suna telomeras da ke mayar da abin da ya zaizaye. Tunanin toshe shi da magani bai ba kowa wuya ba. Gane ko maganin ya toshe shi da gaske, nan aka sha fama.

Ran 25 ga Disamba 1984 Carol Greider, ɗaliba a ɗakin gwajin Elizabeth Blackburn da ke Berkeley a Amurka, ta fara ganin sawun telomeras. Ta tatsi ruwan cikin Tetrahymena, wata 'yar halittar kududdufi, ta zuba masa guntun DNA da tubalan gina shi masu fitar da tururin nukiliya, sannan ta ɗora fim a kan sakamakon. Da ta wanke fim ɗin sai ga layuka jere, tsakanin kowane da na gaba harafin DNA shida. A 1989 Gregg Morin ya sami irin wannan aiki a ƙwayoyin HeLa na ɗan Adam. Sai dai gwajin yana cin miliyoyin ƙwayoyi, ɗan naman da likita ke yankowa daga ƙari bai isa ba.

A 1994 Nam Woo Kim da abokan aikinsa suka kawo dabarar TRAP: a bar enzayim ya yi ƙarinsa, sannan a ninninka abin da ya ƙara da PCR, dabarar kwafar DNA. Sun sami telomeras a samfurin ƙari 90 cikin 101, ba su same shi ko sau ɗaya ba a lafiyayyun tsokoki 50. Nan da nan masu neman magani suka rungumi TRAP.

A ganina saurin rungumar ya yi yawa. TRAP mataki biyu ce, kuma sinadarin da ya hana PCR aiki zai ɓatar da layukan ko bai taɓa telomeras ba. A 2007 wasu masu bincike a Faransa suka nuna cewa an kambama ƙarfin wasu sinadarai masu naɗe DNA, irin su telomestatin, saboda wannan kuskure. Dole aka koma tabbatar da sakamako da gwajin kai tsaye irin na Greider, duk da wahalarsa.

Ga kuma batun jira. Ko an toshe enzayim ɗin, ƙwayar ba ta mutuwa sai telomiyarta ta ƙare, abin da kan ɗauki makonni ko watanni, kamar yadda aka gani da sinadarin BIBR1532 na kamfanin Boehringer Ingelheim a 2001.

Sai a Yunin 2024 hukumar FDA ta Amurka ta amince da maganin farko mai toshe telomeras, imetelstat na kamfanin Geron, shi ma don wata cutar ɓargo ce mai sa marasa lafiya dogara da ƙarin jini.