2.3 Tarihin Ilimin Manɗiƙi Daga Zaure Zuwa Kwamfuta

Manɗiƙi, wato ilimin auna hujja, ba baƙo ba ne a ƙasar Gwandu. Bayan da Shehu Usmanu ya damƙa wa Malam Abdullahi yammacin daula a 1812, Gwandu ta zama matattarar almajirai. Sullam, na mawallafin Ahalari, yana cikin littattafan manɗiƙin da malaman zaure ke karantarwa. Wannan ilimi ne George Boole ya mayar lissafi a 1854, gaskiya 1, ƙarya 0. A 1937 Claude Shannon ya nuna makunnan lantarki na iya aiwatar da lissafin, kuma a kansa aka gina kwamfuta. Ke nan, abin da ɗaliban kwamfuta ke koya a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo, tushensa ɗaya da karatun zaure.